A Narkar Da Lakar Tankin Mai, Kada A Binne Ta

Kowa ya san idan ruwan rafi ya kwana a randa, laka takan kwanta a gindinta. To, haka abin yake ga manyan tankunan da ake adana ɗanyen man fetur a cikinsu, irin na matatar mai ta Kaduna wadda aka buɗe a shekarar 1980, ko matatar Dangote ta Legas da ta fara aiki a 2024. Ra'ayina shi ne, ya kamata a riƙa narkar da wannan laka da sinadarai marasa cutar da ƙasa da ruwa, a bar kwasar ta da shebur ana binnewa.

Ɗanyen mai ba ya fitowa daga rijiya tas. Yakan zo da ruwan gishiri da yashi, da kaki mai daskarewa kamar kyandir, da wani baƙin abu mai danƙo irin kwalta. Idan mai ya daɗe a ajiye, sai waɗannan abubuwa masu nauyi su gangara ƙasa, su haɗu da tsatsar ƙarfe, su cure wuri guda. Lakar takan cinye wurin da mai zai zauna, ruwan da ke cikinta kuma ya yi ta cin gindin tanki har ya huje, mai ya tsiyaye cikin ƙasa ba wanda ya gani.

Tsohuwar hanyar wanke tanki ita ce a janye man, leburori su shiga da shebur da bokiti. Wannan aiki kasada ce babba, domin a ciki akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa hanci ma yakan daina jin warinta, sai dai mutum ya faɗi sumamme. Ga kuma tururin mai, wanda tartsatsi ɗaya ya isa ya mai da shi gobara. Bayan duk wannan wahala, idan aka zuba lakar a rami, an rabu da Bukar ne an haifi Habu, saboda ruwan sama zai kai dafinta cikin rijiyoyi.

Wanda ke shakkar ɓarnar da mai ke yi idan ya shiga ƙasa, ya dubi ƙasar Ogoni a Jihar Ribas, inda mai ya yi ta malala shekara da shekaru. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa a rijiyoyin Nisisioken Ogale, sinadarin benzin mai jawo sankarar jini ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita fiye da sau 900. Ta kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Sabuwar hanya kuwa dabarar sabulu ce, wadda muka koya a darasin kimiyya. Ƙwayar sabulu baki biyu gare ta, ɗaya na kama maiƙo, ɗaya na kama ruwa, shi ya sa take wanke tukunya. Masana sun samo irin waɗannan sinadarai daga wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa, akwai kuma masu narkar da kaki da ake tatsa daga ɓawon lemo ko man waken suya. Akan zuba su a tanki, a ɗan ɗumama, famfo ya yi ta juya su har lakar ta saki. Daga nan mai ya taso sama a mai da shi matata, ruwa a tace shi, yashi ya kwanta. Ba sai mutum ya shiga tun farko ba, sinadaran kuma suna ruɓewa da kansu.

Wani zai ce ai wannan hanya da tsada. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Man da aka ceto daga laka kuɗi ne, ran lebura kuwa ba shi da farashi. Sai dai fa ba duk abin da ɗan kasuwa ya kira marar cutarwa ne za a yarda da shi ba. Wajibi ne a gwada shi a ɗakin bincike, kuma ragowar yashin, wanda ke ɗauke da ƙarafa masu guba, a killace shi da kyau.

Saboda haka ina kira ga hukumomi da su wajabta wannan hanya a kan masu tankunan mai. Mu kuma ɗalibai mu dage da karatun kimiyya, domin waken suya da lemo duk ana noma su a ƙasarmu, masu sarrafa su kawai ake jira. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.