Uwa ko reshe? Fara tambayar inda kwas ɗinka yake kafin ka dubi girman ƙofa

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, akwai muhawarar da ke tashi a majalisun matasa daga Kura zuwa Bunkure, har Kadawa da Garun Malam. Wani ya ce shi fa in ba sabuwar BUK ba, gara ya jira baɗi. Wani ya ce ABU ta ɗauke shi, amma da ya ji cewa a Kongo zai zauna ba a Samaru ba, sai jikinsa ya yi sanyi. Wata kuma an ce mata akwai "reshen" wata jami'a a cikin Kano da ake shiga ba tare da wahalar JAMB ba, ita ma ta fara tunanin ko ta gwada.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, matsayar wannan shafi a taƙaice ita ce: tambayar "uwa ko reshe" ba ita ce ta farko ba. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne a ina ake koyar da kwas ɗin da kake so, shin hukuma ta amince da shi a wurin, kuma aljihun gidanku zai iya ɗaukar zama a can har ka gama? In ka samu amsar waɗannan uku, sauran magana ado ce kawai.

Kalmar "reshe" ita ce ke rikita mutane, domin abubuwa uku daban-daban ake kira da ita. Na farko shi ne haraba ta biyu ko ta uku ta jami'a guda. Ɗauki Jami'ar Bayero. Tana da tsohuwar haraba, tana da sabuwa a kan hanyar Gwarzo, sannan masu karatun likita suna yin shekarunsu na asibiti a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya. Aikin gona da injiniyanci da shari'a suna sabuwar haraba, kwasa-kwasan kimiyya irin su kemistiri da fiziks kuma suna tsohuwa. Haka abin yake a Jami'ar Ahmadu Bello: babbar haraba tana Samaru, tsangayar shari'a tana Kongo, asibitin koyarwa yana Shika. Jami'ar Northwest ta gwamnatin Kano, wadda aka kafa a 2012, a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nassarawa ta fara, kafin a gina mata mazauni na dindindin.

A irin wannan tsari ba kai ke zaɓen haraba ba, kwas ɗinka ne ke zaɓa maka. Wanda ke son ya zama lauya daga ABU, Kongo zai je, ko da makinsa ya fi na kowa. Majalisar jami'a ɗaya ce ke amincewa da sakamakon kowa, takardar shaida iri ɗaya ce, hatimi ɗaya. Ranar neman aiki babu mai tambayarka ta wace ƙofa kake shiga lakca. Wanda ya ƙi gurbi saboda wai ba a "uwa" aka sa shi ba, ya yar da shekara guda ne a banza.

Kuma ka tuna, ita kanta BUK ɗin da ake rububi a yau reshe ce a da. A 1962, lokacin da aka kafa ABU, Kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashinta, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta. Waɗanda suka yi karatu a Kano a waɗancan shekarun digirin ABU suka karɓa, ba kuma wanda ya ce nasu bai cika ba.

Iri na biyu shi ne haɗin gwiwa, inda kwaleji, galibi ta horar da malamai, ke gudanar da karatun digiri da sunan wata jami'a. Wannan halastacce ne matuƙar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da haɗin, kuma JAMB ta san da shi. Amma a nan sai ka buɗe ido sosai. Ka tambaya: sunan wa zai fito a takardar shaida? Wane kwas ne takamaimai aka amince a koyar a nan? Domin amincewa da kwas ɗaya ba ta nufin an amince da duk abin da aka rubuta a allon talla.

Iri na uku shi ne wanda ke cinye dukiyar talaka. Wasu ɗakuna ne a saman shaguna ko a cikin wata makarantar sakandare, an rataya allo an rubuta sunan wata jami'a ta nesa, ko ta wata ƙasa, ana cewa "cibiyar karatu". Tun a 2001 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe irin waɗannan rassa na je-ka-na-yi-ka, kuma NUC ta sha fitar da jerin jami'o'in bogi. Ba a daɗe ba, a ƙarshen 2023, wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin makonni shida. A farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Masu laifi da waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah, duk ruwan ya ci su. Idan ka ji an ce "ba sai da JAMB ba", ko "shekara biyu ka gama digiri", to ka kama kanka. Araha ba ta ado.

Ta yaya za ka bambance? Hanya mafi sauƙi ita ce CAPS, tsarin da JAMB ta shigo da shi a 2017 don duk wani gurbin karatu ya bi ta hannunta. Jami'a ce ke zaɓen ɗalibi, JAMB ta amince, sannan kai ka shiga shafinka ka karɓa ko ka ƙi. Gurbin da bai bi ta nan ba, a wajen JAMB babu shi, kuma matsalar ba ta fitowa sai ƙarshe, lokacin da aka zo tura sunaye bautar ƙasa aka ga sunanka ba ya cikin rajistar JAMB. Don haka ganin sunanka a takardar da aka manna a bango, ko a wani saƙon WhatsApp, ganin Dala ne, ba shiga birni ba. Shiga CAPS da kanka, ka duba sunan makaranta da kwas, ka karɓa kafin wa'adi ya wuce, ka buga takardar ɗaukarka ka adana.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kayar da yara masu ƙoƙari tun kafin a zo maganar haraba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, to ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da WAEC ko NECO. Idan a wani wuri Muhammad ne a wani Mohammed, ko an sa sunan gari a nan ba a sa a can ba, gyara shi yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tabbata kana da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma an ɗora sakamakon a shafinka na JAMB, domin wanda bai ɗora ba CAPS ba ta ganinsa. Ka duba darussa huɗun da kwas ɗinka ke buƙata kafin ka cike fom, kada ka bar wa mai kafe ya zaɓa maka. Lambar wayar da ka yi rajista da ita ta zama taka, kada ta zama ta mai shago. Sannan ka sani, mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa ba shi ne makin shiga ba. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe yana da nasa, na likita da shari'a kuwa sun yi sama sosai.

Ga wani abu da yawancin yaran karkara ba a gaya musu. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ƙidaya suna baya a ilimin zamani, Kano kuma tana cikinsu. Ma'ana, ɗan Bunkure da ya sa BUK a zaɓin farko yana da ƙofa fiye da ɗaya. Amma jami'o'i da dama ba sa waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu. Idan makinka bai kai na kwas ɗin da ka nema ba, JAMB tana ba da damar canjin makaranta ko kwas. Yi amfani da ita da wuri maimakon zaman jiran wani "babban mutum" da aka ce zai yi maka hanya.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar yankinmu, wato kuɗi. A Kura da Bunkure, kuɗin makarantar yaro daga gona yake fitowa, daga ruwan Tiga da ke bin kanal zuwa fadamun shinkafa da tumatir da alkama da albasa. Shekarar da shanshera ta yi daraja, rajista ba ta gagara. Shekarar da kwandon tumatir ya faɗi a Kwanar Gafan, ko tsutsa ta shiga gona kamar yadda aka gani a 2016, gida kan shiga wani hali. Karatu kuwa ba ya jiran kaka. Aikin gona da injiniyanci da shari'a shekara biyar-biyar ne, likita shida, ban da abin da yajin aiki zai iya ƙarawa, kamar na ASUU a 2022 da ya ci wata takwas.

A nan ne bambancin haraba yake da ma'ana ta gaske. Zauna da Baba ko Yaya da biro da takarda. Idan sabuwar BUK ce, za ka iya zuwa daga Kura kullum ka kama lakcar ƙarfe takwas, bayan ka shigo ta Na'ibawa ka ratsa gari zuwa hanyar Gwarzo? Nawa ne kuɗin mota da adaidaita a mako? Idan ba zai yiwu ba, akwai tabbacin ɗakin kwana a cikin makaranta, ko sai an kama haya a waje? Idan Zariya ce, Samaru da Kongo ba unguwa ɗaya ba ne, kada ka biya hayar shekara a kusa da harabar da ba a nan kake lakca ba. Idan Wudil ce, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ka lissafa abinci da masauki. Asusun rancen ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makarantun gwamnati kuma yana ba da naira 20,000 a wata, amma bashi ne da za a biya, kuma sai wanda JAMB ta san da gurbinsa.

Ke kuma 'yar'uwa, mun san sau da yawa maganar ba ta maki ba ce, ta masauki ce. Iyaye kan ce ba za su bar ki ki kwana a waje ba. Maimakon a bar maganar ta mutu, ki nemi a je da Mama ko Yaya a ga ɗakunan kwanan mata da ido, a ji dokokinsu, a ga mai gadi da lokacin rufe ƙofa. Iyaye da yawa sukan sauko idan sun gani da kansu. Harabar da za a yarda ki zauna ki gama ta fi wadda za a cire ki a aji biyu.

Kada kuma ka raina abin da ke ƙofar gidanku. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta ABU. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ce ke kula da madatsar Tiga da hanyoyin ruwan da kake tsallakawa kullum. Ga injinan casar shinkafa a Kura. A Rano, maƙwabciyar Bunkure, akwai makarantar fasahar karkara ta Kano Poly, a Ɗambatta akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo. Wanda ya tashi yana sanin lokacin sakin ruwa da lokacin dashe, idan ya karanci aikin gona ko injiniyancin ban-ruwa, ya shiga aji da abin da ɗan birni zai yi shekaru bai koya ba. Wanda kuma ya fara da difloma ko NCE ya fito da sakamako mai kyau, yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Hanyar ta fi tsawo, amma tana kaiwa.

Ba mu ce babu bambanci ko kaɗan ba. Babbar haraba takan fi babban laburare, da yawan ɗakunan kwana, da damar cuɗanya da ɗalibai daga sassa daban-daban, kuma nan ofisoshin da za ka yi ta zarya a cikinsu suke. Wannan abin dubawa ne. Sai dai yana zuwa ne bayan an tabbatar da ingancin kwas. Injiniya yana buƙatar amincewar COREN, likita ta MDCN, ban da ta NUC. Gini mai hawa biyar ba ya maye gurbin waɗannan.

Don haka kafin ka danna "karɓa" ko "ƙi", yi abu ɗaya: ka je wurin da ƙafarka. Kura zuwa Kano ba tafiyar kwana ba ce, Zariya ma hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya. Ka nemi sashen da za ka shiga, ka ga ajin da ɗakin gwaje-gwaje, ka tsayar da ɗan aji uku ka tambaye shi yadda lakca take da abin da yake kashewa a wata. Kuɗin motar yini ɗaya bai kai buhun shinkafar da za a sayar don rajistar da za ka yi da-na-sani a kanta ba.

Masu unguwanni, malaman sakandare da ƙungiyoyin ɗaliban Kura da Bunkure, ku ma akwai naku. Zaman awa biyu da 'yan aji shida kafin a fara sayar da fom zai ceci yara da yawa daga hannun dillalan gurbi. Allah Ya ba kowa gurbi mai albarka, Ya sa a gama lafiya.