Osibisa sun kai gangar Ghana Landan, mu a Tamale muna jinginar da tamu

Da Teddy Osei ya rasu a Landan a watan Janairun 2025, yawancin samarin da na yi wa zancen a nan Nyohini ba su ma san sunansa ba. Abin ya dame ni, domin shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar mawaƙa ta Osibisa a Landan a 1969, tare da ƙaninsa Mac Tontoh da mai ganga Sol Amarfio. Sun haɗa kai da 'yan Karibiyan da wani ɗan Najeriya, Lasisi Amao, suka ɗora jita irin ta Turawa a kan kiɗan highlife da gangunan gida. A 1971 kaɗai suka fitar da faifai biyu, na biyun shi ne Woyaya, kuma dukansu sun yi kasuwa a Ingila. A 1980 suna cikin waɗanda suka yi wasa a bikin samun 'yancin Zimbabwe.

Ni a ganina, ganga ce ta kai su nan. Bature na da jitarsa tun tuni. Abin da bai taɓa ji ba shi ne wannan dukan fata, da mutum bakwai a kan dandali kowa na sauraron ɗan'uwansa.

To, mu fa? Ba za a ce Tamale ba ta da mawaƙa ba. Fancy Gadam da Maccasio suna cika filin wasa maƙil, kuma a 2018 Fancy ya ci kyautar waƙar shekara ta ƙasa baki ɗaya. Madalla. Amma yawancin kiɗan daga kwamfuta yake fitowa, mutum ɗaya riƙe da makirufo. Alhali a garin nan ne ake da makaɗan lunga na Dagombawa, waɗanda ke riƙe da tarihin sarakuna a ka, ga masu goge, ga kalangun zangonmu. A wajen biki yanzu, sau da yawa DJ ake fara nema, su kuwa a ba su ɗan abin goro su koma gefe.

Wallahi ba kuɗi ne kaɗai matsalar ba. Riƙe ƙungiya sai da haƙurin atisaye da raba ɗan abin da aka samu, shi ya sa kowa ya fi son tashe shi kaɗai. Duk mawaƙin Tamale da ke shirin babban wasa na gaba, ya ɗauki mai lunga da mai goge su yi wata guda suna atisaye tare, ya biya su yadda yake biyan DJ, ya kuma sa sunayensu a jikin fosta.