An hana Kawu biza, kuma ni na karanta masa takardar

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau zai yi tsawo. Abin ya tsaya mini a rai tun jiya.

Fasfon ƙanen mahaifiyata ya dawo daga Abuja jiya da la'asar, babu biza. A ciki an saƙala wata takarda mai layi-layi, an yi alama a wuri biyu. Kawu ba ɗan boko ba ne, sai ya aiko a kira ni. Na same shi a shago, ya miƙo mini ya ce, "Duba mini, me suka ce na yi?"

Na karanta masa. Na farko, bayanan da ya gabatar kan dalilin tafiyarsa ba abin dogaro ba ne. Na biyu, akwai shakku kan ko zai bar ƙasarsu kafin wa'adin bizar ya cika. Ya yi shiru, can sai ya yi dariya irin wadda ta fi kuka ciwo. Ya ce, "Ni? Da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, in bar kasuwata in je in zauna cikin sanyi ina wanke-wanke?"

Mutumin nan ya shekara fiye da talatin yana harkar fata. Kun san dai fatar awaki da tumaki da ake jemewa a Sharaɗa da Challawa, da yawanta Italiya da Sifaniya take tafiya, a yi takalma da jakunkuna. Baje kolin fata ya so zuwa a wata ƙasa ta Turai, kwana shida kacal, ya ga masu sayen kayan ido da ido maimakon ya ci gaba da sayarwa ta hannun dillalai. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don ba ita ce maganar ba.

Abin da na fahimta, kuma shi nake so mu tattauna, shi ne jami'in da ke duba takardun bai san Kawu ba, bai san shagonsa ba, bai ga yaran da ke ci a ƙarƙashinsa ba. Takarda kawai yake gani. Tambayar da ke kansa guda ɗaya ce: wannan mutumin zai dawo gida ko kuwa? Mu kuma rayuwarmu ba a kan takarda take ba. Kawu yana juya miliyoyi, amma rabin cinikinsa tsabar kuɗi ne, wani a asusun yaron shago, wani ta POS ɗin maƙwabci, wani bashi ne na amana da ba a rubuta ko'ina ba. Gidan da yake ciki na gado ne, babu takarda da sunansa. Bai taɓa yi wa kasuwancin rajista da CAC ba. A idon unguwa attajiri ne. A idon fom ɗin biza, mutum ne da ba shi da abin da zai dawo dominsa.

Nan ne ejan ya shigo. Wani ne aka haɗa su, mai ɗan ofis da kwamfuta biyu, ya ce shi ya san hanya, yana da mutane a ciki. Ya karɓi kuɗi masu kauri. Da na buɗe kwafin abin da ya tura, wallahi sai da na dafe kai. Ya rubuta Kawu a matsayin manajan wani kamfani da Kawu bai taɓa jin sunansa ba. Ya sa an zuba kuɗi masu yawa a asusunsa sati biyu kafin ranar miƙa takardu, asusun da ya yi watanni ba abin da ke shiga sai ɗan canji. Otal ɗin da ya kama a wani gari yake, baje kolin a wani gari. Wasiƙar masu sayen fatarsa, wadda ita ce takarda mafi ƙarfi da yake da ita, ba a ma saka ta ba, wai ba ta da muhimmanci.

To ku gaya mini, in kai ne jami'in, za ka ba shi? Gaskiyar Kawu ta fi ƙaryar ejan kyau sau goma, amma ƙaryar aka tura.

Kuma dan Allah mu daina yarda da zancen "ina da mutum a ciki". Wurin da kake kai takardu a ɗauki zanen yatsunka, kamfani ne kawai da aka ba kwangilar karɓa da miƙawa. Ba su ke yanke hukunci ba, ofishin jakadanci ne ke yi. Abu na biyu, ƙin da aka yi maka ba ya ɓacewa. Ƙasashen Shengen 29 ne yanzu, kuma rumbun bayanai ɗaya suke amfani da shi, abin da aka shigar yana zama shekara biyar. In ka ce bari ka gudu ofishin wata ƙasar, suna buɗe kwamfuta za su ga an taɓa hana ka da dalilin da aka bayar.

Ga wanda bai sani ba, ƙa'idojin ba ɓoyayyu ba ne, kuma ba sai da ejan ba. Bizar gajeren zama tana ba ka kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180, kuma ba ta aiki ba ce. Kana nema a ofishin ƙasar da can ne ainihin tafiyarka, ko inda za ka fi daɗewa. Kana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kar ya gaza kwana 15. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Sai inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar Yuro 30,000. Ingila ba ta cikin wannan tsari, bizarta daban, haka ma Ayalan. Amma Suwizalan da Nowe suna ciki duk da ba sa Tarayyar Turai. Duk wannan ɗan sakandare zai iya karanta maka shi.

Amma kar wani ya ɗauka na wanke Turawa ne. Ban wanke su ba.

Tun watan Yunin 2024 kuɗin biza ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90. A canjin yanzu kusan albashin wata biyu ke nan na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, naira dubu 70. Ban da kuɗin kamfanin karɓar takardu, ban da inshora, ban da motar Kano zuwa Abuja da kwanan da za ka yi. In an hana ka, ko sisi ba ya dawowa. A 'yan shekarun nan alƙaluman da Tarayyar Turai da kanta take fitarwa sun nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na masu nema daga Najeriya ana hana su. Ku lissafa kuɗin da ke fita daga aljihun talakawa da 'yan kasuwa, a biya don a ce musu a'a.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake faɗin a'ar. Layi ɗaya, an yi alama a akwati, shi ke nan. "Akwai shakku." Shakku kan me? Wace takarda ce ba ta yi ba? In da an ce wa Kawu kuɗin da ya shigo asusunka ranar kaza ba mu san daga ina yake ba, da ya san abin da zai gyara. E, akwai damar ɗaukaka ƙara, an rubuta a ƙasan takardar, amma kafin a saurare ka baje kolin ya watse an naɗe tabarma. Fatar Kawu tana shiga ƙasar nan a kwantena ba wanda ya tambaye ta ko za ta dawo. Mai fatar ne ba a yarda da shi ba.

Kuma biza ta zama sandar siyasa, wannan ba zargi ba ne, a cikin dokarsu yake. Ƙasar da ba ta ba da haɗin kai wajen karɓar 'yan ƙasarta da aka koro, ana iya tsananta wa mutanenta. An yi wa Gambiya a 2021, an yi wa Habasha a 2024. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa, bayan juyin mulkin 2023 Faransa ta daina ba da biza a Yamai, daga baya ma ta rufe ofishin jakadancin. Ɗalibi da mara lafiya da ɗan kasuwa su ne suka biya kuɗin faɗan da ba su suka haɗa ba.

Sai dai akwai maganar da ba ma son ji. Kowa a nan ya san wani da ya tafi "ziyarar sati biyu" yau shekara bakwai. Mun san shi, muna ma yaba shi, in ya turo hoto cikin rigar sanyi mu ce ya haye. Ban ce ba shi da dalili ba, ƙasar nan ta yi zafi, ba na zagin kowa. Amma duk wanda ya maƙale, ya ƙara wa na bayansa nauyi. Bashin da ya ci, irin su Kawu ake bi. Kuma tun Oktoban 2025 sun fara sabon tsarin da ke ɗaukar hoton fuska da yatsu a bakin iyaka, kwamfuta ce ke ƙirga kwanakinka, batun a ɓatar da hatimi ya wuce.

A ɗaya ɓangaren, wanda ya je ya dawo kan lokaci hanya tana ƙara buɗe masa. Dokar ta tanadi cewa wanda ya yi amfani da biza uku yadda ya kamata a cikin shekara biyu, ana iya ba shi ta shekara ɗaya mai shiga da fita, daga nan ta shekara biyu, har ta biyar. Ta farkon ce mai wuya, kuma ita ce muke ɓatawa da hannunmu.

Ni dai abin da na ce wa Kawu, mu bar zancen tafiya yanzu. Mu yi rajistar kasuwancin, mu buɗe asusu da sunansa, duk cinikin da aka yi ya bi ta nan ko da wata shida ne, a riƙa ajiye rasit da takardun fitar da kaya, a biya haraji a karɓi shaida. In lokaci ya yi, a rubuta shi a matsayin abin da yake, mai sayar da fata a Kano, a saka wasiƙar abokan cinikinsa a sama. Za a iya sake hana shi, ban yi masa alkawari ba. Ya ce shi abin da ke damunsa, in ya zuba komai a banki masu haraji za su san abin da yake samu. Na ce to Kawu, sai ka zaɓi ɗaya.

Bai ba ni amsa ba tukuna. Ejan kuwa tun jiya muke kira, wayarsa a kashe.