Fandanus A Gidajen Zango

Jama'a, tun da fandanus ya shigo gidajenmu a Akara, tsiron nan mai ganye irin na abarba da ke tashi a murɗe, mun ga da yawa sun mutu a tukunya kafin shekara ta zagayo. Laifin namu ne.

Ɗan bakin teku ne da fadama, ya saba da haske da danshi. Mu kuwa sai mu kai shi lungun ɗaki, mu yi ta kwarara masa ruwa a ka har ya kwanta tsakanin ganyaye, tsakiyarsa ta ruɓe. A gindi ake zuba ruwan, tukunyar kuma a huda ta.

Saiwoyin da ke fitowa daga kara suna gangarowa ƙasa, wata baiwar Allah ta sa wuƙa ta datse su kaf, wai muni suke yi. Da su yake dogarawa idan ya yi nauyi.

Sai ƙayar gefen ganyen, kaifinta kamar zarto. Gidan haya mai yara ba a ajiye shi a mashigi. Mun riga mun zauna sulhu sau ɗaya gaban Maigida a kan kumatun wani yaro, kuma har yau iyayen biyu gaisuwarsu sama-sama ce.