Mutum Biyar Sun Koma Uku A Jirgin Dakon Soja

Tun daga shekarar 1954 da jirgin saman nan C-130 Hercules ya fara tashi a Amurka, an saba ganin mutum biyar suna aikinsa. Akwai matuƙa biyu a gaba, da injiniya a tsakaninsu daga baya yana lura da injuna da mai da wutar lantarki, da jagoran hanya mai taswira da lissafi, sa'an nan mai kula da lodi a cikin jirgin. Sabon samfurinsa, watau C-130J, wanda ya fara aiki a 1999, mutum uku kawai yake bukata: matuƙa biyu da mai lodi. Haka C-17 na Amurka yake, haka kuma A400M na Turai. Kujerar injiniya da ta jagoran hanya duk kwamfuta ta gaje su.

Ko shakka babu wannan ci gaba ne, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta gajiya, tana auna zafin inji da yawan mai a kowace daƙiƙa, ta kuma nuna wa matuƙi inda yake ba tare da doguwar lissafi ba. A watan Fabrairun 2014, wani jirgin mayaƙan saman Ingila samfurin Voyager yana kan hanyar Afghanistan da mutane kusan 200, sai kyamarar matuƙin ta maƙale ta danne sandar tuƙi. Jirgin ya sulmiyo ƙasa ƙafa 4,400 cikin ƙasa da rabin minti. Na'urar da ke hana jirgi wuce iyakar gudunsa tana cikin abin da ya ceci rayukan nan.

To amma fa aikin mutanen nan biyu da aka cire bai tafi tare da su duka ba. Abin da na'ura ba ta ɗauka ba ya koma kan waɗanda suka rage. Matuƙi na biyu ya zama mai sarrafa kwamfuta, mai magana da ƙasa, mai sake tsara hanya. Mai lodi kuwa yanzu har da wasu duba-duban jirgi da a da injiniya ke yi. A jirgin fasinja mai tashi daga babban fili zuwa babban fili wannan ba ya da wuya. Jirgin soja kuwa yakan bi ƙasa-ƙasa da dare, ya jefa kaya da laima, ya sauka a filin ƙasa marar fitila, wani lokaci ana harbinsa. A irin wannan hali ne ake gane amfanin ido na uku.

Abin da ya faru a Jalalabad ta Afghanistan ran 2 ga Oktoba, 2015 ya isa wa'azi. Domin a sami damar loda dogayen kaya, matuƙin wani C-130J na Amurka ya tokare sandar tuƙi da akwatin tabarau na ganin dare. Da aka gama lodi aka manta da akwatin. Jirgin ya tashi, hancinsa ya miƙe sama, ya faɗi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, mutum 14 suka halaka. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa da akwai injiniya a wurin da ya hango akwatin. Amma lalle babu wata na'ura a jirgin da aka yi domin ta gan shi, alhali kuwa duba irin waɗannan abubuwa kafin tashi yana cikin aikin da aka san injiniya da shi.

Ita kanta na'urar ba ta kuɓuta daga kuskuren ɗan Adam ba, sai dai kuskuren ya ƙaura daga sama ya koma ƙasa. Ran 9 ga Mayu, 2015, wani sabon A400M ya faɗi kusa da birnin Seville na Sifen a tashinsa na gwaji, mutum huɗu suka rasu. An gano cewa wasu bayanai da kwamfutar injuna ke bukata sun goge a lokacin da ake saka manhaja, injuna uku daga cikin huɗu suka ƙi bin umarni. Haka kuma toshe siginar GPS da ake yi a wuraren yaƙi ya nuna cewa ilimin jagoran hanya bai tsufa ba tukuna.

Wannan magana ta shafi Nijeriya kai tsaye. Tun cikin shekarun 1970 rundunar mayaƙan samanta ke amfani da C-130H mai mutum biyar, kuma shi ya yi jigilar dakarun ECOMOG zuwa Laberiya da Saliyo. Jiragen sun tsufa, kuma duk wanda za a saya a madadinsu zai zo da ƙarin kwamfuta da ragin kujeru.

Saboda haka ya kamata hukuma ta yi shiri tun yanzu. Duk yarjejeniyar sayen sabon jirgi ta haɗa da na'urar koyon tuƙi ta ƙasa, da horar da makanikai kan manhaja kamar yadda ake horar da su kan inji. A tilasta wa matuƙa su riƙa tuƙi da hannu da bin taswira loto-loto, domin kada hannu ya mutu. Injiniyoyi da jagororin hanya da suka daɗe a aiki kuwa, kada a sallame su da takardar godiya kurum. A mai da su malamai a makarantun rundunar. Ɗaliban da ke sha'awar wannan aiki su ma su lura: lissafi da ilimin kwamfuta sun zama tilas ga duk mai son shiga jirgin nan, ko a gaba zai zauna ko a wajen lodi.