Zumunci ba sai da mai albashi ba

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe ramin yuraniyom na Akokan, wanda ake haƙa tun 1978. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi, mu ma 'yan kasuwa muka ji a jikinmu, domin ciniki ya ja baya. Sai dai akwai wata asarar da ba ma faɗa, wato ta zumunci.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Lokacin da yayanmu ko ƙanenmu ya baro Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya samu aiki a Arlit, kowa ya haddace lambarsa. Biki shi, suna shi, jari ya karye shi. Da albashi ya yanke, sai waya ta yi tsit. Shi kuma kunya ta hana shi komawa gida hannu rabbana. A haka shekaru suka shige, 'ya'yanmu ba su san nasa ba.

Mu dubi mutanen Gugaram. Da tawaye ya ɓarke a 2007, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, da yawansu da na Iferwan sun bar gidajensu sun nufo Arlit. Wa ya karɓe su? Dangi ne, har da waɗanda aka daɗe ba a ga juna ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi, aka raba ɗan abin da ke tukunya har ƙura ta lafa a 2009. Mai masauki bai tambayi baƙonsa abin da ya zo da shi ba.

Wani zai ce ai zamani ya yi tsanani, kowa ta kansa yake. Haka ne, amma gaisuwa nawa take ci? Mu da ke ba baƙo bashin buhun shinkafa don ya saba sayayya wurinmu, me zai hana mu ba ɗan'uwa kwalin sabulu ya kasa, in ya sayar ya kawo uwar kuɗi? Ku kuma iyayenmu mata, ku sa matarsa cikin adashi, ko da rabin zubi ne.

Kada mu ɗauki abin da wasa. Wanda ya rasa madogara a gida shi ke faɗawa sahara. Ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasari mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya bayan sun bar Arlit.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In ƙafar ba ta kai ba, ga waya, ga direbobin tasha masu kai saƙo. Kafin Juma'a mai zuwa kowa ya nemi nasa, kada sai ranar ta'aziyya. In an samu juna kuwa, a bar tone-tonen wa ya fara yanke wa, a riƙe da kyau. Allah Ya haɗa kawunanmu, amin.