Sharhi: A kunna wa masu abincin dare fitila a Madawa, Buza da Keita

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sari Guangzhou a kudancin ƙasar Sin, idan ya dawo, bayan labarin farashin kaya sai labarin dare. Birni ne mai mutane sama da miliyan 18, inda ake baje kolin Canton sau biyu a shekara tun 1957. Can, cin abincin tsakar dare al'ada ce mai zaman kanta: mutane su tashi daga aiki su zauna kan kunun shinkafa, taliya, gasasshen nama da shayi har dare ya raba. A unguwar Xiaobei, matattarar 'yan Afirka, gidajen abincin halal na Musulmin Sin suna maƙwabtaka da na Larabawa da na mutanen Afirka ta Yamma, kuma akasari da wayar hannu ake biya.

Wannan harka ba ta tsaya kan son cin abinci kaɗai ba. A 2019 gwamnatin Sin ta fito fili ta ƙarfafa wa birane gwiwa su bunƙasa kasuwancin dare, domin ta lura cewa awannin bayan faɗuwar rana ma suna samar da aiki da haraji. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai ke nan a jihar Tawa.

Mu ma muna da daren. Madawa na kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, tsakanin Ƙonni da Maraɗi, kuma motocin da ke tsakanin Yamai da Damagaram nan suke ratsawa. Sunan garin ya bi kilishi har ƙasashen waje, ga albasar kwarin Tarka da manyan motoci ke kwasa zuwa gaɓar teku. Ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin mallaka a Afirka ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da ke da asali na musamman. Da magariba ta yi, mai tsire zai hura wuta, mai shayi ya jera burodi da ƙwai, mai ƙosai da mai fura su samu wuri, samari kuma su haɗu a fada. A Buza da Keita ma haka take, musamman daren kasuwa da lokacin da 'yan bida suka dawo gida da ɗan abin hannu.

Sai dai akasarin wannan sana'a a bakin kwalta ake yin ta, cikin ƙura da hayaƙin motoci, da 'yar fitilar batir wadda ita kanta daga Sin aka saro ta. Wurin wanke hannu sai an dace, makewayi sai an nema, naman da ya kwana kuma babu firjin da zai shiga. Annobar kwalara ta 2021 da ta shafi jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram ta isa ta tuna mana abin da ruwa marar tsabta ke jawowa a wurin cin abinci. Katse wutar da Najeriya ta yi a watan Agustan 2023 kuwa ya nuna cewa sana'ar da ta dogara da layin Nigelec kaɗai tana iya durƙushewa a dare ɗaya.

Ra'ayinmu shi ne hukumomin waɗannan garuruwa su ɗauki abincin dare a matsayin sana'a mai rajista. A ware fili kusa da tasha, nesa kaɗan da kwalta. A kafa fitilu masu aiki da hasken rana. Tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ta riga ta nuna cewa ranar yankin nan dukiya ce. A ja famfo, a gina makewayi na maza da na mata, a samar da firji na haɗin gwiwa da mahauta za su riƙa biyan haya. Likitan dabbobi ya duba nama kafin ya hau wuta. Harajin da ake karɓa kuma a ba da rasit, a liƙa lissafinsa inda kowa zai gani, domin mai tsiren da ya ga kuɗinsa sun koma fitila ba zai yi gardamar biya ba.

Akwai masu fargabar cewa raya dare buɗe ƙofar shashanci ne. Fargabar tana da tushe, kuma babu mai neman a kwaso mashayun giya da gidajen rawar Guangzhou a kawo Adar. Amma mai sayar da taramol duhu yake so. Filin da ke da haske, inda uba zai zo da 'ya'yansa kuma mace za ta sayar da tuwonta cikin mutunci, ya fi lungu sauƙin tsaro. Sarakuna, malamai da ƙungiyoyin mahauta su zauna su tsayar da lokacin tashi da dokokin wurin.

Kada kuma a ɗauka Guangzhou aljanna ce. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin, har wani reshen McDonald's ya liƙa sanarwar hana baƙar fata shiga, kafin kamfanin ya nemi afuwa. Baƙo, komai daɗewarsa, zaman aro yake yi. Shi ya sa muke kira ga 'yan Buza, Keita da Madawa da ke Abijan, Libiya, Aljeriya da Sin su dubi gida. Kuɗin da ake haɗawa a ƙungiyoyin 'yan gari suna iya sayen fitilu da firji, su kuma zama jarin da zai riƙe ƙane a gida maimakon ya bi sahun yayansa zuwa hamada.

Mutanen Keita sun san abin da haɗa hannu ke yi. Tun daga 1984, aikin raya karkara da aka yi da tallafin Italiya ya farfaɗo da filayen da suka bushe, kuma mata ne suka ɗauki kaso mafi yawa na aikin, saboda maza sun tafi bida. Filin kasuwar dare guda ɗaya bai kai wancan wahala ba. Madawa ce ya dace ta fara, tunda ita ke da hanya da suna, sannan Buza da Keita su ɗauki abin da ya yi aiki.